Littafin "Saura Ƙiris": Bayanan Kwamitin Kare Majinyata a Wani Asibiti na Jihar Bauchi

17 ga Satumba, 2024

Yau aka kafa kwamitin kare majinyata a asibitinmu, aka ɗora mini rubuta abin da ake ciki, tunda ni ce shugabar ma'aikatan jinya. Babban asibiti ne na ƙaramar hukuma, irin wanda kowa ya sani a jihar nan: ɗakin mata, ɗakin maza, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata guda, da janareta mai aiki ranar da aka samu mai. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan riƙa rubutawa ya haɗa da kurakurai, kuma ba tona asirin kowa na zo yi ba.

Likitanmu ya zaɓi ranar da gangan. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 17 ga Satumba don maganar kare majinyaci daga cutuwa a hannun masu yi masa magani. Ya karanto mana ƙididdigar hukumar: kusan mutum 1 cikin 10 yakan cutu a wajen neman lafiya, fiye da rabin cutarwar abin da za a iya kauce wa ne, kuma rabin wannan ɗin daga magani yake fitowa. Ba wanda ya yi mamaki. Duk wadda ta taɓa kwana ita kaɗai da gadaje cike ta san inda lissafin ya samo asali.

Na roƙi abu ɗaya, aka amince: a sa mai shara da mai gadi a cikin kwamitin, tare da mai ɗakin magani, mai ɗakin gwaji da ungozoma. Sakataren asibiti ya ɗan yamutsa fuska. Amma mai shara ce ke kwashe allurar da muka yar, mai gadi ne ke fara ganin wanda aka kawo ranga-ranga ƙarfe biyun dare. Kuɗi kuwa ko sisi ba a ware mana ba. Za mu fara da zagayawa mu duba da idonmu kafin mu taɓa komai.

3 ga Oktoba, 2024

Abin da ya fara faɗo mana shi ne suna. A ɗakin mata akwai majinyata biyu masu suna ɗaya har na uba, ɗaya mai ciwon suga, ɗaya mai taifot da ta kwana biyu ba ta iya cin komai. Da rana suka yi musayar gado, don mai sugar tana son kusa da taga. Da yamma nas ta zo da allurar insulin, ta nufi gadon da ke rubuce a takarda, ta ce, "Ke ce Aisha?" Matar ta ce eh, kuma ba ƙarya ta yi ba. Har an goge wurin da auduga, sai tsohuwar da ke jinyarta ta ɗago daga tabarma ta ce, "'Yar nan, ita fa ba ta da suga. Waccan ce mai suga." Insulin a jikin wadda cikinta ba komai yana iya kai ta ga doguwar suma, har abin da ya fi suma.

Ƙa'idar da ake koyarwa ko'ina ita ce a tantance majinyaci da abu biyu, galibi suna da ranar haihuwa, lambar gado kuma ba ta cikin lissafi. An yi ƙa'idar ne a inda kowa ya san ranar haihuwarsa. A nan, ka tambayi dattijuwa shekarunta ta ce maka tana goye aka kashe Sardauna. Suna kuwa, tsaya a bakin ɗakin awo ka kira Fatima Abubakar ka ga mata nawa za su miƙe. Mun gwada ƙarawa da sunan miji, abin ya ƙi. Matar karkara ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ja mayafi ta rufe baki tana murmushi, sai an nemo ƙanwar mijin ta faɗa.

Abin da muka tsayar shi ne suna, lambar kati, da sunan ƙauye ko unguwa, a rubuta da maka a kan filasta a ɗaura a wuyan hannu. Mun kuma hana tambayar "Ke ce wance?", don mutanenmu ba sa son musa wa mai farin kaya, duk abin da ka ce sai su ce eh. Tambayar yanzu ita ce, "Inna, yaya sunanki? Daga wane gari kike?" Ita za ta faɗa, nas ta duba hannu ta duba fayil. Idan an samu masu suna ɗaya a ɗaki guda, a ja jan layi a bangon fayil ɗin kowacce, a kuma raba su nesa da juna.

Jarirai sun fi wuya, tunda ba su da suna sai ranar bakwai. Muna rubuta "jaririn wance" da lambar katin uwar, a ɗaura a ƙafa tun kafin a ɗauke shi daga gadon haihuwa. 'Yan biyu mu sa 1 da 2, ko da dangi sun riga sun fara kiran Hassan da Hussaini. Kakanni ba sa son filastar, da zarar za a yi wanka sai su ɓalle ta su yar. Ungozomarmu ta gano maganinsu. Takan ce, "Hajiya, wannan ita ce shaidar jikanki ne kika tafi da shi gida." Tun da ta fara faɗin haka ba wadda ta sake cirewa a gabanta.

22 ga Oktoba, 2024

Mun ajiye littafi a teburin nas-nas na kowane ɗaki, muka sa masa suna "Saura Ƙiris". Duk kuskuren da ya kusa faruwa aka tare shi, ko ya faru bai yi ɓarna ba, a rubuta. Yau na zagaya na tarar da su wayam, ban da na ɗakin yara da wani ya rubuta lambar wayar mai kawo ruwa a bangon baya.

Ba abin rubutawa aka rasa ba. Wata ƙaramar nas ta same ni a keɓe ta ce, "Matiron, kin san rubutun hannun kowa. In na rubuta, gobe takardar tuhuma ce, jibi a ce an mayar da ni ƙauyen da mota ba ta zuwa." Gaskiyarta. Aikin gwamnati ya daɗe da koya mana cewa wanda ya kama bakinsa shi ke kai wa fansho lafiya.

An yi muhawara mai zafi a zaman kwamiti. Sakatare ya ce in ba a san wanda ya yi ba, ina horon yake. Ni kuma na ce, da an hukunta mai allurar insulin, da ba mu taɓa jin labarin musayar gado ba, nas ta gaba ta zo ta faɗa ramin da ta farko ta tsallake. Likita ya goyi bayana. An tsayar da akwatin katako mai kwaɗo a lungun da ke bayan ɗakin canja kaya, inda ba mai ganin wanda ya jefa takarda. Ba suna, ba sa hannu. Ni da mai ɗakin magani muke buɗewa tare. Sakaci na ganganci, irin barci a bakin aiki ko rubuta awon hawan jinin da ba a auna ba, yana nan a ƙarƙashin horo yadda yake, kuma na yarda da hakan.

Sai maganar ƙaddara. In an yi rashi a asibiti, dangi kan ce kwana ne ya ƙare, su yafe, su ɗauki gawarsu. Wannan haƙurin nasu abin girmamawa ne, amma ya sangarta mu, don ba mai zuwa ya tambaye mu me ya faru tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu. Limamin masallacin asibiti, da muka gayyato shi, hadisin nan kawai ya tuna mana, na mutumin da Annabi (SAW) ya ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali.

11 ga Nuwamba, 2024

Wanke hannu. Famfo ba ya kawowa sai an tayar da janareta an buga ruwan burtsatse, don haka mun sa bokiti mai famfo a bakin kowane ɗaki, da sabulun ruwa a maimakon na sanda da ke kwana cikin jiƙaƙƙen mazubi. Mai ɗakin magani ya haɗa mana man goge hannu bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: a jarka mai lita 10, ethanol mai ƙarfin 96% mililita 8,333, hydrogen peroxide mai 3% mililita 417, glycerol mililita 145, a cike da tafasasshen ruwan da ya huce, a ɗura a kwalabe a bar su awa 72 kafin a fara amfani. Gogewa daƙiƙa 20 zuwa 30 ce, wanki da sabulu 40 zuwa 60, kuma in hannu ya ɓaci da jini ko datti sai sabulu.

Kowa yana wanke hannu bayan ya taɓa majinyaci, don yana tsoron kansa. Kafin taɓawa, wanda shi ne kariyar majinyacin, shi ake mantawa. Ga kuma al'adar safar hannu guda a bi layin gadaje da ita tun daga farko har ƙarshe. Wannan ta fi tsiraran hannu muni, don mai ita gani yake ya tsira.

9 ga Disamba, 2024

Hunturu ya shigo, mun kuma san abin da ke biyo shi. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, kuma da rani yake tashi. Cuta ce da ta daɗe tana cin ma'aikatan lafiya. A 1969 da aka fara gano ta, nas ce ta kamu a garin Lassa na Borno, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ma ta bi ta. Wuyarta ita ce farkonta bai bambanta da maleriya ba: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Jinin da mutane ke jira su gani sai can daga baya yake zuwa, kuma ba kowa ke yin sa ba.

Dokar da muka sa ita ce, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta bayan kwana biyu zuwa uku, a mayar da mai shi ƙaramin ɗakin gefe, mai jinya ɗaya tal, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya zo a ɗebi jini a kai gwaji. Wanda ya yi tsanani a shirya tura shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, a kuma yi musu waya tun kafin mota ta tashi.

Mai shara ce ta nuna mana ɓarakar da ba mu lura da ita ba. Ta ce kowa da ido yake haɗa ruwan bilic, a yi ta zubawa "har ya yi wari". In bilic mai ƙarfin 3.5% ne, ma'auni ɗaya a ruwa shida shi ke ba da 0.5% na goge jini da daɓe. A ɗebi ɗaya daga wannan a zuba a ruwa tara, a samu 0.05% na wanke hannu da zannuwan gado. Ba dukan kwalabe ne ƙarfinsu ɗaya ba, sai an duba jiki, kuma haɗin jiya ba ya aiki yau. Mun sa an ja layi biyu da fenti a cikin bokitan, na ƙasa iyakar bilic, na sama iyakar ruwa. Ba sai an iya karatu ba.

Ɓeraye kuwa muna da namu a cikin asibitin, kwanukan tuwon da masu jinya ke turawa ƙarƙashin gado ne ke kiran su. An sayo bokitai masu murfi. Mai gadi ya ɗauki nauyin zagayawa bayan isha'i.

14 ga Janairu, 2025

Wannan labarin bai biyo ta akwati ba, don mai sharar da abin ya faru da ita ba ta rubutu. Abokiyar aikinta da ke cikin kwamiti ce ta kawo. Allura ta soke ta a yatsa ta cikin baƙar ledar shara, ta matse jinin, ta zuba bilic, ta ci gaba da aikinta. Ma'aikaciyar wucin gadi ce, tana tsoron a ce ba ta kula. Sai da aka kwana huɗu muka ji.

Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Lokacin ya riga ya wuce. In allurar daga mai ɗauke da ƙanjamau take, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000. In daga mai ciwon hanta nau'in B take, yana iya kai 30 cikin 100. Shi wannan yana da rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Da muka tambaya, yawancin masu shara da masu wanki ba a taɓa yi musu ba. An yi mata gwajin farko, za a maimaita nan gaba. Ta zauna a ofishina tana murza yatsar, ta ce, "Matiron, ni dai kada maigidana ya ji." Na ce ba zai ji daga gare ni ba.

Kwalin zubar da allura a teburin nas-nas kaɗai yake, nesa da gadaje, kuma ya cika ya wuce layin kashi uku cikin huɗu da ake cewa a rufe shi. Wadda ta yi allura a ƙuryar ɗaki, wani na kiran ta a ɗaya gefen, ledar da ke kusa da ita za ta jefa. Yanzu an ɗaure kwali a jikin kowane keken magani. An hana mayar da murfin allura. An koya wa kowa cewa in ta soke ka, sabulu ne da ruwa mai gudu, ba matsa ba, ba bilic ba. Maganin kariyar ma mun ciro kaɗan daga sashen da ake kullewa ƙarfe huɗu, mun ajiye inda mai aikin dare za ta iya kai hannu.

6 ga Fabrairu, 2025

Akwati ya fara magana. Takardar da ta fi amfani layi ɗaya ce da manyan baƙaƙe, don kada a gane hannu: "A DUBA FIRIJ NA ƊAKIN HAIHUWA."

Mun duba. Akwai ledojin ruwa, akwai gorar zoɓon wani, wuta kuma rabon firij ɗin da ita tun shekaranjiya. Oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke ta tsayar da jini bayan haihuwa, tana zube a tire a cikin durowa. Wannan magani tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, zafi yana cinye ƙarfinsa ba tare da kalarsa ta canja ba. Na tambayi ungozomomi, suka ce ai su sun daɗe suna yin kwalba biyu ko uku, don ɗaya "ba ta ji". Shekara da shekaru alamar tana gabanmu muna ɗaukar ta dabara.

Daga nan muka leƙa firij ɗin rigakafi mai aiki da hasken rana. Shi lafiyarsa lau, ana rubuta sanyinsa safe da yamma. Amma da yake shi kaɗai ne abin dogaro a asibitin, mutanen ɗakin tiyata sun ajiye maganin saki jijiya da ake amfani da shi wajen sa barci a gefen ruwan haɗa allurar ƙyanda. Ƙananan kwalabe ne farare, kamar an tsaga kara. A tsibirin Samowa a 2018, nas biyu sun haɗa rigakafin ƙyanda da irin wannan magani a maimakon ruwansa, jarirai biyu suka mutu nan take. Iyaye suka guji rigakafi, a 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe mutum 83, yawancinsu yara ƙanana. Mu da muka san wahalar da aka sha kafin mutanenmu su yarda da ɗigon shan inna, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun fitar da maganin tiyatar gaba ɗaya. Oxytocin kuma mun sa shi a jan mazubi mai murfi da rubutu a kai, a ɓangarensa daban, a riƙa ɗebo na yini a akwatin sanyi.

Tunda muna ɗakin haihuwa muka taɓo maganar auna jini. Zubar jini bayan haihuwa daga mililita 500 ake lissafa shi, mu kuwa da ido muke aunawa, a ce zani biyu ya jiƙe, kuma ido kullum rage lissafi yake yi. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000, ya nuna cewa in aka shimfiɗa leda mai ma'auni aka gane da wuri, sannan aka yi komai a tare, wato murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid mai tsayar da jini, ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa, mummunar zubar jini na raguwa da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Ledar ba ta zo mana ba tukuna. Kafin ta zo muna tara jinin a jug mai layin awo, mun kuma haɗa akwatin gaggawa guda da komai a ciki, har tranexamic acid giram 1, wanda amfaninsa yana cikin awa 3 na farko.

Wani abin da muka tarar: akwai magnesium sulphate na masu jijjigar haihuwa, amma babu calcium gluconate, makarinsa in ya yi yawa ya fara danne numfashi. An rubuta buƙata.

12 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Takardu biyu a akwati sun yi magana ɗaya: daga shan ruwa zuwa bayan magariba ɗakuna kan zama ba kowa, maganin ƙarfe shida sai ya kai takwas. Abokan aikinmu Kirista suka ce su za su riƙe wannan lokacin, mu kuma mu riƙe musu safiyar Lahadi da Ista. Ba a rubuta a takarda ba, kuma yana tafiya.

Miƙa aiki ya koma bakin gado, a gaban majinyaci da mai jinyarsa, an daina yin sa a baranda ana saɓa jaka. Masu suga da masu hawan jini kuma muna tambayar su kai tsaye ko suna azumi, don da yawa sun canja wa kansu lokacin shan magani ba su faɗa ba.

8 ga Afrilu, 2025

Ɗakin tiyata. Takardar duba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, tun 2008 take, kuma ta daɗe manne a bangonmu har rana ta cinye rubutun. A gwajinta na farko a asibitoci 8, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga 1.5% zuwa 0.8%. Tsayawa uku ce: kafin a sa barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da majinyaci. Mun ƙara namu tambayoyin da ba su cikin ta asali. Akwai mai a janareta? An yi cajin tocila? Wanda zai ba da jini yana nan, ko ya ce bari ya je ya dawo?

Na nace cewa mafi ƙanƙanta a ɗakin ita za ta riƙa karantawa da ƙarfi, don bakinta ya saba da buɗewa a gaban manya. Makon jiya ana yi wa wata mata tiyatar cire jariri, an rubuta adadin ƙyallen tsane jini da alli a allo. Likita ya fara ɗinki, yarinyar ta ƙirga ta ce a hankali, "Likita, saura ɗaya." Ya ce ta sake ƙirgawa. Ta sake, ta duba bokiti, ta duba ƙasa, muryarta na rawa ta ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu saura ɗaya." Ya tsaya, ya warware abin da ya ɗinka, ya sa hannu bayan mahaifar ya zaro shi, ya rine da jini har ba a bambanta shi da nama. Bai ce komai ba sai da aka gama, sannan ya ce mata sannu da aiki a gaban kowa. A ganina wannan sannun ta fi takardar bangon amfani.

Matsalar sa hannu a takardar amincewa da tiyata tana nan. Mace na naƙuda ta tsaya, miji yana ci-rani a kudu, waya ba ta shiga, surukai sun ce ba za su sa hannu ba sai shi. Baligar mace mai hankalinta tana da ikon amincewa da aikin da za a yi a jikinta, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa. Amma matar ita kanta tsoron abin da zai biyo baya a gida take yi. Mun fara tayar da maganar tun a awo, a aika wa miji ya faɗi wanda ya wakilta in ba ya nan.

5 ga Mayu, 2025

Ranar tsaftar hannu ta duniya, sai muka yi zagayen ba-zata. An koma baya. Filasta ta ƙare a sito, hannuwa sun koma ba shaida. Man goge hannu ya ƙare, ethanol ya yi tsada. An yi wa ungozomar kwamiti canjin wurin aiki, sababbin ɗalibai sun zo ba wanda ya koya musu tambayar suna. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne layin fenti a bokiti, kwalin allura a jikin keke, da jan mazubin firij, wato waɗanda ba sa jiran wani ya tuna ko sito ya bayar. An sayi filasta da kuɗin aljihun 'yan kwamiti, abin da na san ba zai ɗore ba.

16 ga Yuni, 2025

Wannan karon ba saura ƙiris ba ne, ya faru. Yaro mai ciwon haƙarƙari ya samu allurar gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu a dare ɗaya. Nas ta yamma ta yi masa, kafin ta rubuta aka ƙwala mata kira daga ɗakin haihuwa, don ita kaɗai ke riƙe da ɗakuna biyu. Ta dare ta zo ta ga gurbin ba a cike ba, ta sake yi. Da safe su biyun da kansu suka zo ofishina. Gentamicin in ya yi yawa ƙoda da ji yake taɓawa. An tsayar da shi, an riƙa auna fitsarin yaron, an yi gwajin ƙoda.

Wasu sun ce a bar maganar, tunda uban bai sani ba kuma yaron na wasa. Likita ya ƙi. Takardar haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a ƙasar nan a 2018 ta ba mutum haƙƙin sanin abin da ake yi masa, ko ba ita ma amana ce. Muka kira uban ofis. Likita ya ce, "Malam, jiya mun yi wa yaronka allura ɗaya sau biyu. Kuskurenmu ne. Ga abin da zai iya jawowa, ga abin da muke yi a kai." Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Likita, da ba ku faɗa ba ai ba zan sani ba." Ya tambaya ko zai taɓa masa kunne, aka ce muna fatan a'a, amma ya dawo da shi a duba, kuma in ya ga ana kiran yaron ba ya juyowa kada ya jira ranar. Bai yi faɗa ba. Ya dai roƙi a riƙa gaya wa uwar duk allurar da za a yi da lokacinta. Mun karɓi wannan a matsayin doka ga ɗakin yara baki ɗaya, takardar magani kuma ta tashi daga tebur ta koma rataye a ƙafar gado da biro ɗaure a jikinta.

Sakatare ya rubuta wa nas biyun takardar tuhuma, ya ce ƙa'idar aiki ce kuma abin ya kai ga majinyaci. Na rubuta tawa takardar na haɗa da jadawalin aikin daren, wanda ya nuna mutum ɗaya a ɗakuna biyu.

2 ga Yuli, 2025

An sallami yaron, an kuma dawo da shi an duba, ƙoda da ji lafiya. Maganar tuhumar tana gaban hukumar da ke sama da mu, ba a ba da amsa ba. Tun ranar da takardun suka fita, mun buɗe akwati mun tarar ba ko ƙyalle. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Damina ta kankama, ɗakin yara ya fara cika da masu maleriya. Allurar artesunate da nauyi ake yin ta, miligiram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3, amma sikelin ɗakin ya lalace ana ƙiyasi da ido. An ari na ɗakin awo zuwa ranar Alhamis. Calcium gluconate bai iso ba. Allura ta uku ta rigakafin ciwon hanta ga masu shara ta kama ƙarshen wannan wata, mai ɗakin gwaji yana riƙe da sunayen.